Ubangidana Ya Samu Ubangida

Taubashi, barka da sabuwar waya. Labarinta ya riga ka isowa. An ce a ɗaurin auren nan, kafin ma ka gaisa da mutane sai da ka kifa ta a kan tabarma, bayanta sama, don kowa ya ga tuffar da aka gatsa. Innata, wato goggonka, har ta ja ni gefe tana tambaya ko ɓera ne ya yi maka ɓarna.

Shekara da shekaru kana kirana bawa, wai kai ɗan namiji ni ɗan mace. Na haƙura. Yau ga shi Allah ya nuna mini ka samu naka ubangidan, kuma da kuɗinka ka saye shi.

Ina son ka gwada abu ɗaya. Ka zo in tura maka wata manhaja daga wayata, yadda muke yi da yara a Farm Centre, ka ga ko za ta zauna. Ba za ta zauna ba. Ƙofa ɗaya ce tak a gidanku, App Store, tun 2008 da aka buɗe ta, kuma mabuɗin yana aljihun Apple can Kalifoniya. Abin da suka yarda da shi za ka ɗora, abin da suka ƙi sai ka ji labarinsa a bakinmu. Su sun ce duk don tsaronka ne, kada ɓarayin intanet su shigo. Da gaskiyarsu ta wani gefen. Amma ai akuyar da ke ɗaure a turke ita ma kura ba ta cika samunta ba.

Kai naka ma da sauƙi, tunda latse-latse kawai ka iya. Masu ƙera manhaja su ke ɗanɗana kuɗarsu. Mutum zai biya dala 99 duk shekara kafin a ba shi rumfa, ya nemi kwamfutar Mac don da ita ake aikin, ya miƙa kayansa a duba, in an ga dama a ce ya koma ya gyara. In ya yi ciniki a cikin manhajar, la'adar mai kasuwa kashi 30 cikin ɗari ce. Ƙanana, waɗanda ba su haura dala miliyan ɗaya a shekara ba, sai a 2021 aka sassauta musu zuwa kashi 15. Ka taɓa jin dillalin da ya karɓi haka a kasuwar shanu ta Wudil ya koma gida da hularsa? Har hana mai rumfa aka yi ya raɗa wa mai saye cewa kayan sun fi araha a waje. A kan wannan ne Spotify ya kai ƙara, Tarayyar Turai ta ci Apple tarar sama da yuro biliyan 1.8 a watan Maris na 2024.

Epic Games sun gwada taurin kai a Agustan 2020, suka saka tasu hanyar biyan kuɗi a wasan Fortnite. Ranar aka yi waje da su, sai a 2025 wasan ya koma shagon na Amurka. Na san za ka ce Google ma ya kore su a ranar. Haka ne, ni ma ina da mai gida. Sai dai katangarsa gajeriya ce, ina haurawa in dawo.

Ko bakin cajar da kake taƙama da shi yanzu, Turawa ne suka ƙwato maka. Tun 2012 kuke fama da naku na daban, sai da dokar Turai ta matsa aka koma irin namu a iPhone 15. Shagunan manhaja na daban da aka buɗe wa mutanen Turai a 2024 kuwa, ba su iso Kano ba, balle unguwarku.

Watan cika-ciki ya kusa. Na bincika, ubangidanka ba ya yanke komai a kuɗin da aka tura ta banki, don haka kuɗin sharata su iso cif, har da na bara da ka ce cajinka ya ƙare.