Wa Muke Da Shi A Lugbe?

Mu fa in jirginmu na sassafe ne, ba otal muke fara nema ba, dangi muke nema. Ana yankar tikiti sai a zauna a hau tone-tonen zumunci: wa muke da shi a Lugbe, ɗan wa aka ce an mayar Kuje, ita wance da aka kai Gwagwalada tana nan kuwa? Mutumin da rabonka da shi tun sunan ɗansa na fari, yaron har ya shiga sakandare, yau shi ne ɗan'uwa rabin jiki. A kira shi a ja gaisuwa, a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa tun daga sallama ya san inda aka dosa, amma ya yi shiru a kai ƙarshe. A 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage Kaduna, mutanen Mando da Kawo sun sha zumuncin da ba su san suna da shi ba.

Wai tattali muke yi. To a riƙa kilishi, a riƙa dambun nama, a ba yara na alewa, a zuba wa maigida mai don ya kai mu da asuba, a kwashe masa 'ya'ya zuwa falo. In ka tara ya ɗara kuɗin ɗaki, sai dai wannan lissafin ba mai yin sa, don baƙo raɓa ne, kuma kowa yana jiran ranar da zai rama.

Sai dangi sun ƙare muke tuna otal, shi ma a ɓoye, in an tambaya a ce "wajen wani abokina na sauka". Sharuɗɗanmu ba yawa: ya yi araha, ya yi sanyi, ya zama ana jiyo ƙugin jirgi amma kada ƙugin ya hana barci. A Abuja filin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar birni, saboda haka duk masaukin da ke kan titin Umaru Musa 'Yar'aduwa rantsuwa yake yi minti biyar ne tsakaninsu. Ɗan tasi ma ya rantse, don yana da nasa kason. A Kano kuwa filin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga Sabon Gari nan kusa cike da masaukai, amma wane ne zai yarda maƙwabcinsa ya hango shi yana fitowa daga can da asuba, da jaka a hannu? Gara a tafi Nasarawa a biya ninki.

Wajen karɓar baƙi ne ake ganin mu sosai. Farashi na manne a bango, mu kuma mu hau ciniki kamar a Kantin Kwari. "Ƙanwata, nawa ne na gaskiya? Ai barci kawai zan yi, kafin kiran salla na tafi." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a ragi." Mu ce a kira manaja. Bayan nan tambayoyi su biyo: ƙarfe nawa ake kashe janareta, famfo na kawo ruwa, akwai buta, ina ne gabas. Ta nuna gabas da biro, mu yi godiya, muna shiga ɗaki mu duba a waya. A danna katifa da gwiwa, a leƙa banɗaki, a shinshina tawul. Araha ba ta ado, mun sani, amma ai ba laifi a nema.

Ɗakin mutum ɗaya muka kama, in tafiyar Umra ce kuwa mutum biyar ne a ciki: ƙane, suruki, direba, da wani da ba wanda ya san wa ya gayyato shi, kowa da saƙon addu'arsa da cajarsa. A ƙure na'urar sanyi har haƙora su kama kaɗawa, a lulluɓa da bargo, ba mai rage ta, kuɗinmu ne. Barcin da aka biya dominsa kuma ba a yin sa. An saita ƙararrawar waya, an roƙi maigadi ya buga ƙofa, an ce wa uwargida a Katsina ta kira ƙarfe 4, duk da haka ido biyu aka kwana ana leƙa agogo. Da za a fita ɗan sabulun nan da rabin robar ruwa su faɗa jaka, wai kada a yi almubazzaranci.

To in a Disamba ne ko Janairu, ka isa filin tun duhu, hazo ya rufe sama, a yi sanarwar an ɗage tashi, a sake ɗagewa, can bayan la'asar a ce sai gobe. Ka jawo jaka ka koma wurin yarinyar nan ta jiya, ta ɗago ta ce sabon biya ne.

"Haba ƙanwata, sabon biya kuma? Ai ko zanin gadon ba ku canja ba."