Yadda Mai Son Lissafi Zai Zauna Lafiya da Fiziks

Ƙanena, na san abin da ke damunka. Ka zaɓi ajin kimiyya a SS1 saboda lissafi yana maka daɗi, ka zaci sauran darussan ma 'yan gida ɗaya ne, sai ga fiziks ya yi sallama da zare da ƙarfe da agogo. Jarrabawar farko ka samu amsa daidai, amma malam ya zaftare maka maki don ba ka rubuta ma'auni a ƙarshenta ba. A lissafi in ka ce x ya zama 7, magana ta ƙare, ba mai tambayarka bakwai ɗin me. A fiziks sai ka faɗi ko mita ne, ko sakan, ko kilogiram, kamar wanda aka tsare a shingen bincike ana neman takardunsa.

Kada ka ji kunyar wannan ƙorafi, ruwa ba ya tsami banza. Abin da kake ƙauna a lissafi shi ne tabbas. Fiye da shekara 2,000 ke nan da Yuklid ya kafa hujjar cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, ba su da iyaka, kuma har yau ba a sauya ko wasali a wannan hukunci ba. Shi kuwa fiziks, ka auna abu ɗaya sau uku ka samu amsa uku. Ana cikin haka kuma malam ya ce ka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10 alhali littafi ya ce 9.8, sannan ka yi kamar babu iska a duniya. Wanda ya saba da tsabtar lissafi dole ransa ya sosu.

Amma fa wannan magana ta bakin bishiya ce lokacin tara, kana cin awara da abokai. Kada ka kai ta gaban malamin fiziks. Shi ma darasinsa yake so kamar yadda kake son naka, kuma jan biron yana hannunsa.

Dabarar da ta fi kowacce amfani ita ce ka riƙa kallon kowace tambayar fiziks a matsayin tambayar lissafi da ta sha babbar riga da rawani. Aikinka ka taimaka mata ta tuɓe. In an ce mota ta tashi daga tsaye tana ƙara gudu, kada ka tsaya tunanin wace irin mota ce ko ina za ta. Rubuta abin da aka ba ka a gefe, rubuta abin da ake nema, ka nemo fomular da ta haɗa su. Daga nan ka dawo unguwarku, aljabra ce zalla, kuma a nan ne za ka wuce waɗanda suka haddace ma'anoni amma suke gumi in an ce su mayar da t, wato lokaci, gefe guda.

Bari in nuna maka abin da nake so ka ɗanɗana, domin a nan daɗin yake. Ka saki tsakuwa cikin rijiya mai zurfi ƙwarai. Da wannan 10 ɗin da kake jin haushi, a sakan na farko za ta faɗi mita 5, a na biyu ta ƙara mita 15, a na uku 25, a na huɗu 35. Raba kowanne da 5, me ka gani? 1, 3, 5, 7. Lambobin mara ne a jere, ba tsallake. Yanzu riƙa tara su: 1, sai 4, sai 9, sai 16. Murabba'ai ke nan, 1 sau 1, 2 sau 2, 3 sau 3, 4 sau 4. Wannan abin da ka taɓa ganowa a bayan littafinka, cewa tara lambobin mara yana haifar da murabba'i, ashe tsakuwar da ba ta taɓa shiga aji ba da shi take aiki duk lokacin da ta faɗi. Galileo na Italiya ya bayyana wannan tsari a littafin da ya fitar a 1638, bayan ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci da ruwa. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. In kai ma ka ji wani abu, to ƙiyayyarka da fiziks ba ta kai zuci ba, wasan taubasai ne kawai.

Batun ma'auni kuwa, ka yi haƙuri ka rubuta. Je kasuwar Dawanau ka ce a ba ka gero biyar, ka ga ko ba za a tambaye ka mudu ko buhu ba. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana karantawa da ma'aunin niyuton. Lambobin ba su yi ƙarya ba, sunan da ke bayansu ne ya saɓa. Rabin makin da aka rage maka ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

In wani ya ce maka son lissafi tsagwaronsa ɓata lokaci ne, ka ba shi labarin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alkahira a 1741. Kana da magabata a wannan sha'awa. Sai dai ka haɗa da labarin Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi daga Adamawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Binciken da ya yi a Jami'ar Kembirij kan yadda igiyoyin girgiza ke ratsa abubuwa masu tauri ne, wato lissafi ne da ya je aikatau gidan fiziks. Shi kansa kalkulas da za ka yi ta murna da shi nan gaba, Niyuton ya ƙera nasa ne yana fama da tambayoyin motsi da sauyi. Kuma in aikin injiniya kake hange, JAMB ba za ta saurare ka ba sai da fiziks. Ko da lissafin kake son karantawa, duba kundinta ka ga abin da jami'ar da ka zaɓa take nema kafin ka saki jiki.

Saura ɗakin gwaje-gwaje, inda mai son lissafi ya fi shan wuya. Za a ba ka ɗan dunƙulen ƙarfe ɗaure da zare, a ce ka sake shi ya yi lilo sau 20 kana danna agogo. In kuna aikin rukuni, za ka so ka bar wa abokinka agogon kai ka riƙe biro. Yi haka sau ɗaya ko biyu, amma ka karɓa ka koya, don ranar jarrabawar WAEC ko NECO kai kaɗai ne da zarenka. Ka sa idonka daidai saitin rula, kada ka leƙo ta gefe. Ka ja ƙarfen kaɗan kawai, kada ka wurga shi kamar majaujawa. In akwai fanka a kashe ta.

Ladan wahalar yana kan takardar giraf. Zare mai tsawon mita 1 zai ɗauki kusan sakan 40 kafin ya cika lilo 20, wato sakan 2 kowane zuwa da dawowa. Rage shi zuwa kwatan mita, lokacin ya koma rabi. Ka ninka lokacin kowane lilo da kansa, ka ɗiga shi daura da tsawon zaren, sai ka ga ɗige-ɗigen da suka fito daga hannunka mai rawa suna shirya kansu sahu guda, miƙaƙƙen layi irin wanda ka saba da shi a ajin lissafi. Daga gangarar layin nan za ka fitar da jan ƙasa da kanka. Wataƙila ka samu 9.6, wataƙila 10.1. Zuciyarka za ta raya maka ka ɗan gyara lambobin don 9.8 ta fito tsaf. Kada ka taɓa su. Rubuta abin da agogo ya faɗa maka, ka fere fensirinka ya yi tsini, ka ja layin ta tsakiyar ɗige-ɗigen, sannan ka sa ma'auni a ƙarshen amsar.