Ranar da Basir Ya Riga Amarya Shiga Fili

Wayata a kashe take tun daren Asabar, kuma duk wanda ya zo nemana a shago an ce masa na yi tafiya. Ina nan ciki.

Jita nake kaɗawa, ina kuma haɗa kiɗa a ɗan situdiyona da ke Dutse, shago ɗaya da na liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai don kada ƙarar babura ta shiga waƙar mutane. A Kano na koyi aikin, a Titin Gidan Zoo, inda fiyanon Yamaha ya daɗe da raba makaɗa da abincinsu, tunda yaro ɗaya zai fitar maka da ganga da kalangu da sarewar Indiya a zama guda. Mai jita a irin wannan kasuwa in ya ce sai ya zaɓi aiki, to yunwa ce za ta zaɓe shi. Shi ya sa ni kowa nawa ne. Da safe mai nanaye, da yamma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da hip-hop ɗinsu, wani lokaci mawaƙan coci. Lokacin zaɓe na taɓa yi wa mutum biyu masu neman kujera ɗaya waƙa da kiɗa ɗaya, na ɗan ƙara wa na biyun sauri. In an biya ina bugun salon Agadas irin na Bombino, in an biya ina sa jita ta yi kukan gurmi, in aka biya da kyau har shiru na iya.

Cikin masu biya da kyau akwai wani mai maganin gargajiya, irin masu ɗora lasifika a kan mota suna bin kasuwanni. Tallan maganin basir yake so, amma mai daɗi, wanda mutum zai ji ya taka. Na yi masa kiɗa mai sanyi, na ɗora jita mai ratsa zuciya, da yake kuma muryarsa ta gama cinyewa a kasuwa, ni na rera. Ya roƙi in sa doguwar shimfiɗa, kusan minti guda babu murya, don jama'a su taru kafin a faɗa musu abin da ke damunsu. Kiɗan ya yi kyau har na ji ƙyashin bar wa basir shi kaɗai.

Sai ga waya daga wani abokin ango, ana son kiɗan shigowar ango da amarya a Garki, da jita a gaban jama'a. Na faɗi kuɗin Abuja. Ya yi dariya ya ce Garkin masarautar Ringim yake nufi, sai na faɗi kuɗin Jigawa. Na buɗe FL Studio, inda kowane sauti ke da layinsa, ganga daban, fiyano daban, murya daban. Na danne layin murya, na fitar da kiɗan zalla. Kowa a sana'ar nan yana yin haka, wanda ya ce bai taɓa ba a duba kwamfutarsa. A tawa dai yanzu akwai "sanyi", akwai "sanyi sabo", akwai "sanyi sabo na ƙarshe", kuma har gobe ina ganin laifin wanda ya ƙera allon da ke yanke ƙarshen suna ne.

Kaka ta yi, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi na hannun mutane, biki ko'ina. Aka kafa rumfuna da kujerun roba a wani fili, aka rataya fitilu, janareta na ruri a gefe. Hunturu ya busar da jitar, kowane ɗan lokaci sai na sake ɗaure ta. Da yamma na gwada sauti, na ji shimfiɗar nan mai daɗi, na ce ya yi. Na bar kwamfutar a rumfar na'urar haɗa sauti tare da yaron shagona, ni kuma na tsaya a tsakiyar fili.

Bayan isha'i mai gabatarwa ya ce a miƙe. Yaron ya danna, ya ga komai lafiya, ya tafi layin shinkafa.

Kiɗa ya tashi. 'Yan matan amarya suka shigo biyu-biyu cikin anko. Na lumshe ido, na saki yatsu, ina ji a raina ko Ali Farka Touré ne a wurin sai ya gyaɗa kai. Amarya ta bayyana, kanta a ƙasa. Ango na gefenta cikin farar shadda mai sitaci da sabon takalmi, wanda daga baya na ji tun safe yake cin diddigensa. Saboda haka a hankali yake takawa, yana ɗan buɗe ƙafa, yana cije leɓe.

A nan muryata ta fito daga manyan lasifikoki, da amon nan da na ɓata dare ina gyarawa:

"Bawan Allah, na ga tafiyarka! Wannan tafiya ba ta lafiya ba ce!"

Bari in tsaya a nan, don a nan nake kwana kullum. Idona a rufe yake, bakina ma a rufe. Na ji murya, na ce a raina wannan mutum ya iya waƙa, kuma na san shi. Yatsuna suka ci gaba da aikinsu, har da wani ɗan ado da na ƙara a daidai wurin. Wato duk wanda ke filin abin da ya gani shi ne mai jita ya lumshe ido yana murmushi, yana raka maganar da daɗi. Da na buɗe ido, ango ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana kallona. Amarya ta ɗaga mayafi, ba ni ta kalla ba, ƙafafun mijinta ta kalla.

"In ka zauna sai ka karkace, in ka tashi sai ka dafa! Kada ka ji kunya, ba kai kaɗai ba ne!"

Wani dattijo a layin gaba, wanda dama a karkace yake zaune, ya gyara zama.

Da a wani gari ne, da an yi tsit an ce na'ura ce ta rikice. Amma mutanen Garki na cin kasuwar Gujungu duk Lahadi, kuma ashe motar mai maganina ba ta fashi. Tallan ya shiga gari tun kafin ni in shiga. Da amshi ya zo, yaran da suka yi dandazo a bayan rumfuna suka karɓe shi gaba ɗaya, da tafi, ba wanda ya kuskure ko harafi: mai tsiro da mai jini, cokali biyu da safe! Shekara da shekaru ina addu'ar in ga ranar da jama'a za su rera abin da na rubuta. Allah ya amsa.

Ango ya ga tsayuwa ba za ta fisshe shi ba. Ya daure, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe ƙirji, ya zabura da sauri don ya kai kujera. Daidai nan na ce, da muryar albishir:

"Ka gani? Kwana uku kacal, tafiya ta miƙe!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Na ruga wajen kwamfuta, na manta jitar na rataye a wuyana, wayarta kuma na jone da amfilifaya. Taku kaɗan wayar ta ƙare, ta fizgo ni baya kamar akuyar da ta manta da turke. Na zare ta, lasifika ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka, na isa rumfar. Allon ya kulle kansa, yana neman kalmar sirri. Hannuna na rawa. A nan na haɗu da Baba.

Ba gayyatarsa aka yi ba, maƙwabcin filin ne, da kujerarsa ya zo ya dasa ta gindin lasifika, ɗan rediyo a rataye a kafaɗa, goro a baki. Ya dubi jitar, ya girgiza kai.

"Ɗan nan, tsirkiyar ce ta yi yawa."

"Baba, don Allah matsa kaɗan."

"Nawa ce? Shida? To ai dole. Haruna Uji na nan Haɗeja, Allah ya ji ƙansa, gurminsa bai wuce rabin wannan ba, kuma har ya koma ga Allah ba a ji ya tona asirin kowa a bainar jama'a ba. Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya tal. Ka taɓa jin kuntigi ya ci mutuncin ango?"

"Baba, ba daga jitar ba ne, daga kwamfuta ne."

Ya leƙa allon, ya ƙare wa maɓallan kallo. "Ita ma sun yi mata yawa."

Na buga kalmar sirri, ta ƙi. A sama muryata na bayani dalla-dalla a kan abin da ke faruwa idan mutum ya shiga bayan gida, bayanin da mai maganin ya dage sai an sa, ni kuma na ƙawata shi da fiyano.

"Kife ta," in ji Baba. "Abin da ke ciki ya zube."

"Baba..."

"To cire batirin ka ɗan cije shi. Ko ka juya ta gabas. Rediyon nan nawa in ya fara kamo tashar da ban aike shi ba, gabas nake juya shi, sai ya dawo hayyacinsa." Ya saurara kaɗan, ya kasa kunne ga lasifika. "Kuma cokali biyun nan ya yi kaɗan. Wa ya ba ka wannan awon?"

Ina rantsuwa, a wannan lokacin na tsaya na fara yi masa bayanin cewa ba ni ne mai maganin ba. Ya ce murya dai tawa ce, mutum kuma ba ya gudun maganarsa. Ya ƙara da cewa in zan sake yi, in riƙa sallama tukuna, don ba a shiga irin wannan zance kai tsaye.

Wani ya yi ihu a kashe janareta. Mai janareta ya naɗe hannu ya ce har ƙarfe goma aka biya shi, kuma ba zai kashe ba sai wanda ya biya ya faɗa da bakinsa. Wanda ya biya shi ne ango, ango kuwa ya cusa fuska cikin hannun babbar riga. Gwaggonsa ta taso, ta ɗaure ɗamara da gyale, ta kutsa cikin wayoyi tana cewa yau sai ta ga uban da ya aiko ni. Ta kama mafi kauri ta fizge.

Fitilu suka mutu. Sauti bai mutu ba.

Wannan shi ne wuri na biyu da nake kwana. Fili baƙi ƙirin, ba ka ganin tafin hannunka, sai hasken allon kwamfuta a fuskata ni kaɗai, yadda duk mai neman wanda zai jefa ba zai sha wahala ba. Daga cikin duhun kuma muryata, a natse, tana karanto inda za a same mu: Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, a nemi mota mai lasifika biyu. Na ji wani a bayana yana tambayar na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, ko Alhamis aka ce.

Baba ya ɗauki kwamfutar da hannu biyu, ban ma iya hana shi ba, ya yi bisimilla, ya juya ta gabas.

Tallan ya zo ƙarshe. Aka yi shiru. Wani ya lalubo wayar fitilu ya mayar, haske ya dawo. Sai ga kiɗan nan mai sanyi ya sake tashi daga farko, babu murya, babu basir, don yaron shagona, Allah ya shirye shi, a kan maimaici ya bar ta. Jama'a suka sauke ajiyar zuciya. Mai gabatarwa ya share gumi ya ce alhamdu lillahi an gyara, ango da amarya su taso su taka, masu liƙi su matso. Ango ya miƙe a hankali.

Baba ya dafa kafaɗata. "Ka gani ko, ɗan nan? Ku yaran yanzu ba ku jin magana."

Ni da yaran Garki ne kaɗai muka san saura minti ɗaya, su kuwa har sun fara gyaran murya.