Guzurin Mai Goge da Garaya Kafin Barin Katsina

Makaɗi yana jure yunwa da rana da gargadar hanya, amma ƙwarya da fata da tsarkiya ba su san haƙuri ba. Don haka kai mai goge, kai mai garaya, mai gurmi, mai kukuma, har da kai saurayi mai jita, in an gayyace ka biki Kano ko Maraɗi, ka tabbata waɗannan kaya suna cikin jakarka kafin ka fita ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga. Abin kiɗanka shi ne gonarka, ka ba shi haƙƙinsa na abokin tafiya.

1. Riga. Tela ya ɗinka masa jaka mai kauri, a sa soso daga ciki, da igiyar ratayawa. In babu hali, tsohon bargo ya isa, a naɗe ƙwaryar ninki uku. Buhun taki kuwa a bar wa taki.

2. Kujera. A tasha ɗan kamasho zai miƙo hannu ya ce, "Kawo, Malam, a sa a but." Ka yi masa godiya, ka ƙara rungume kayanka. A but ɗin nan akwai buhun gero biyu, jarkar manja da akuya mai jin yunwa, kuma kafin a kai Kankiya an gama shari'ar ƙwaryarka. Ka ɗora shi a cinya. Mai komo, tunda naka ƙato ne, ka biya masa kujera, ka zaɓa masa gefen da rana ba ta bugawa.

3. Tsarkiya ta biyu da ta uku. Tsarkiya ba ta tsinkewa a gida. Tana jira sai uwar amarya ta shigo fili da sababbin kuɗi a hannu. Mai goge da mai kukuma, ku tanadi gashin wutsiyar doki tun da wuri a wajen masu kiwon dawaki, cikin girma da arziki. Kada ku bari sai ranar hawan Sallah ku je Ƙofar Soro kuna zagaya dawakin hakimai ta baya, domin doki yana ba da amsa da ƙafa. Mai jita, ka sayi cikakken saiti na wayoyi shida, ka kuma sassauta na jikin jitar kafin tafiya mai nisa.

4. Ƙaro da jaki. Izgar da ba a goga mata ƙaro ba santsi kawai take yi a kan tsarkiya, kana ja kana zufa, babu mai jin komai. Ka ƙulle ƙaronka a tsumma, ka raba shi da aljihun goro, kada cikin duhun mota ka jefa shi baki. Jakin kuwa, wato ɗan iccen da tsarkiya ke hawa, ƙanƙane ne, in ya faɗi a yashi sai dai Allah ya mayar da alheri. Ka riƙe guda biyu.

5. Sanin yanayi. Da hunturu, a Disamba da Janairu, iskar Katsina tana busar da fata ta ɗaure tamau, ƙwarya kuma ta yi sauƙin tsagewa, don haka kada ka bar abin kiɗanka a rana ko cikin mota a rufe. Da marka, a watan Agusta, fatar ce ke saki, muryar ta dusashe. Maganinta ɗan ɗumin garwashin mai shayi, daga nesa, kana juyawa kana gwada ta da yatsa. Ɗumi aka ce, kada ka mayar da ita balangu. Ka riƙe babbar leda saboda ruwan sama.

6. Akwatin gyara. Reza, allura, zare mai ƙarfi, gam, 'yan ƙusoshi da ƙaramar filaya. Duka za su shiga gwangwanin madara ɗaya.

7. Ƙusa a bango. A masauki, ɓera da kyankyaso suna ganin fata da gashin doki a matsayin liyafa. Ka rataye abin kiɗanka sama. Hakan ya raba ka da yaran gida ma, waɗanda kowannensu ke son ya ɗan gwada.

8. Takardu. Mai zuwa Maraɗi ta Jibiya ya riƙe katin shaida da takardun tafiya. In jami'i ya tambayi abin da ke cikin bargo, ka buɗe da kanka, kada ka bari a tsokana shi da sanda. Mai hawa jirgi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tambayi kamfani tun wajen sayen tikiti ko za a bar shi ya shiga da shi a hannu. In kuma Turai ko Amurka za ka, ka sani damo da guza suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa ido kan fataucin fatunsu, in da fatarsu aka rufe ƙwaryarka, ka nemi takardar izini tun kana gida.

9. Waƙa guda ta hanya. Kafin Bichi wani fasinja zai ce, "Sarkin kiɗa, ɗan taɓa mana." Ka taɓa musu kaɗan da fara'a, ka ajiye sauran muryar da citta da zuma saboda masu biki.

Kada ka raina abin da ke cinyarka don ka ga ƙwarya ce da icce. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga ƙasashen duniya, Haruna Uji kuma da gurmi ya shiga kowane gida mai rediyo a ƙasar Hausa. Irin gadon da ka ɗauko ke nan. In ka sauka, ka fara kwance shi ka duba fata, ka ɗaure tsarkiya, ka ji muryarsa ta daidaita, sannan ka nemi tuwo. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da aljihu cike.