Kowa da Irin Kwanciyarsa a Suleja

Masu koyon Sifaniyanci ta waya suna yawan kuka da fi'ilin acostarse, wato kwanciya, musamman idan aka ce su juya shi zuwa abin da ya wuce. Kukan nan ba shi da tushe. Sigogi shida ne kacal: me acosté, te acostaste, se acostó, nos acostamos, os acostasteis, se acostaron. Ko sauyin nan mai rikitarwa na lokacin yanzu, inda o ke komawa ue a ce me acuesto, a nan ba ya aukuwa. Bahaushen da ke rarrabe na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun da an tun kafin a sa shi makaranta bai kamata shida su kayar da shi ba. Hali ne ke kayar da ɗalibi, kuma Suleja ta ishe mu hujja, domin kowane irin mutum a garin da kuskuren da ya dace da shi.

Ma'aikacin Abuja shi ne kan gaba. Tun da aka yanki ƙasar babban birnin tarayya a 1976, garin ya bar wa birnin sunansa na Abuja ya koma Suleja, tsadar haya kuma ta mai da shi makwancin waɗanda ke aiki a can. Bawan Allah ya fita da asuba, ya bi Madalla da Zuba, ya dawo bayan isha'i. Shi kullum yana cakuɗa me acosté, na kwanta, da me dormí, barci ya ɗauke ni, kuma ba a ga laifinsa ba. Littafi ya ɗauka cewa kwanciya ke fara zuwa sannan barci, shi kuwa barci ya riga ya kwashe shi a mota tun kafin a hango Dutsen Zuma, kansa a kafaɗar fasinjan da bai sani ba. Ɗan gidan kallon ƙwallo nasa ciwon daban. Bakinsa ya saba da "mun ci", "mun sayi ɗan wasa", don haka ko shi kaɗai ne a ɗakin gwauro sai ya ce nos acostamos. Sigar ta yi masa daidai ta wata fuskar, don ita ce ba ta bambanta jiya da yau, kamar yadda shi ma yake ba da labarin kofin Zakarun Turai da Barcelona ta ɗauka a 2015 sai ka ce daren jiya aka buga.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne ɗalibin zaure da ya ƙoshi da sarfu. Ya haddace sigogi 14 na fi'ilin Larabci, sai ya dubi shidan nan da raini. Ina sigar mutum biyu? Ina ta mace? Wane irin harshe ne zai fara jeri da "ni" alhali ladabi ya ce a fara da huwa? Zai shafe sa'a guda yana nuna naƙasun Sifaniyanci, a tashi bai faɗi ƙarfe nawa ya kwanta ba. Kusa da shi akwai mai rowar tawada, wanda ya saba rubuta Hausa babu alamar karin sauti, ya ga ɗigon saman é da ó ado ne kawai, ya zubar. Sai mai ƙwazon manhaja, wanda ke maimaita darasin kwanciya har ƙarfe biyun dare don kada lissafin kwanakinsa ya yanke.

Uwar 'ya'ya kaɗai za a yi wa uzuri cikakke. Takan jefar da me ta ce acosté, malami ya ja jan biro. Amma fi'ilin idan babu me ma'anarsa kwantar da wani, kuma abin da ta yi ke nan: acosté a los niños, na kwantar da yara. Ita kam sai da ta gama wanke-wanke ta jiƙa waken ƙosai.

Wani zai ce duk wannan wasa ne, kuskure kuskure ne, rashin bita ke kawo shi. To, da haka ne da kowa zai yi tuntuɓe a wuri ɗaya, a os acostasteis mai tsawo, wadda mutanen Latin Amurka ma ba sa amfani da ita. Ga shi kuwa kowa a ƙofar gidansa yake faɗuwa. Wani kuma zai ce me ya haɗa Suleja da Sifaniyanci, ga Faransanci da ake koyarwa a ƙaramar sakandare, ga Nijar a maƙwabta? Ya manta cewa Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1968, tana can kudu da gaɓar tekun Kalaba, kuma masu wannan harshe tun haihuwa sun kai kimanin miliyan 500.

Saboda haka, mai karatu, idan za ka gwada jimlar me acosté, bar kwafar misalin littafi mai cewa ka kwanta ƙarfe goma. Rubuta lokacinka na gaskiya. In kuwa mai gadi ne kai ko mai shayin tasha, ƙara no a gaba ka ce no me acosté, ka ci makinka cikakke.