Yadda Aka Ɗinke Ni a Gidan Surukai

Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa tun a mota ya fara wasa wuƙa. Mun baro Portland ta jihar Oregon a Amurka da hantsi, maiɗakina na tuƙi, muka bi ta Salem muka fara haura duwatsun Cascade. Sai ta dube ni ta ce, "Malam, ka ɗauko rigar sanyi kuwa?"

Na yi irin dariyar da babba ke yi wa yaro. Na ce, "Hamada fa kika ce za mu, kuma a watan Yuni. Ni ɗan Daura za a koya wa hamada?"

Ba ta tanka ba. Abin da ban gaya mata ba shi ne, duk sanin da na yi wa hamada bai wuce ƙurar hunturu da ke shigo mana ta taga ba, sai wani ɗaurin aure da na taɓa zuwa Damagaram na kwana biyu. Amma tun da na zo Amurka nake cin albarkacin Sahara. Duk wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce bakin hamada, in kuma gyara murya kamar madugun da ya sha kai ayari Bilma.

Da muka tsallake mashigar Santiam, mai tsayin mita 1,468, sai ƙasa ta sake kama. Duwatsun nan su ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, su tatse shi a yammacinsu, gabas ta samu ragowa. Portland kan samu ruwan da ya haura milimita 900 a shekara, garin Bend kuwa da ke wannan ɓangaren da kyar yake ganin 300, ko Damagaram ta fi shi. Sai dai hamadar nan a bisa take, kusan mita dubu sama da teku, kuma busasshiyar iska ba ta riƙe zafi. Rana na faɗuwa sanyi ke sauka. Madugun gaske ya san haka ko a Sahara. Ni na bogi ne.

Gonar surukaina na gabas da wani ɗan gari da ake kira Sisters, wanda ya ci sunan wasu tsaunuka uku da ke tsaye a kansa, kowanne ya haura mita 3,000, da farar ƙanƙara a ka ko a tsakiyar bazara. Ina fitowa daga mota wani ƙamshi ya buge ni, na rantse na san shi. Wani tsiro ne toka-toka da ya rufe filin har iya ganin ido, ashe ɗan'uwan tazargade ne, dangi ɗaya suke. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na ce wa maiɗakina, "Kin gani? Har ciyawarku ta san ni."

Surukina ya fito, dogon mutum mai tsadar magana. Na cire takalmi na durƙusa, kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Sai shi ma ya sunkuyo yana dube-dube a ƙasa, ya ce, "Me ya faɗi?" Surukata kuma ta rungume ni ta ce in riƙa kiranta da sunanta. Na ce a raina, ko da wuƙa a wuya. Mama na kira ta, Mama nake kiranta har gobe, kuma ko a takardar nan ba za a ga sunanta ba. Mutum ɗaya ce na saki jiki da ita, kakar maiɗakina, tsohuwa mai shekara casa'in da ido kamar na shaho. Kaka abokiyar wasa ce a ko'ina, ita ma ba a yi mata bayani ba ta gane.

A can asubar watan Yuni ba ta kai ƙarfe huɗu. Na tashi na yi alwala, haƙorana na kaɗa kalangu. Daɓen gidan na katako ne, ko'ina ka taka sai ya kai ƙara, don haka na ce bari in fita waje in yi salla kada in tashi mutane. Rigar sanyi babu, ɗan Daura bai zo da ita ba. A zaure na hangi wani tsohon bargo rataye a bango, faci a kan faci, babu ƙyalle biyu masu kama da juna. Tausayi ya kama ni. Mutane da shanu haka, da tarakta, amma bargonsu sai tsumma? Nan take na ƙudura cewa kafin mu koma sai na saya musu sabo, mai laushin nan da hoton damisa. Na sauke shi na ƙudundune.

Da na idar, gabas ta fara ja, kan tsaunukan ya kama haske, sai na ji sha'awar in ɗan taka. Na shiga fili da silifa, gefen bargo na jan ƙasa a bayana kamar alkyabbar hakimi. Ban yi taku ashirin ba wani abu ya huda silifa ya gaishe da diddigena. Na duba, sai ga tsaidau. Tsaidau namu na gida, mai ƙaho, shi ma ya yi ƙaura zuwa Amurka, a can kan akuya suke ce masa. Na shimfiɗa bargo a ƙasa na zauna a kai, na cire ƙayar a natse, har ina yi mata kirari don daɗin ganin ɗan gida.

Na tarar da Mama a kicin da kofin kofi a hannu. Kofin ya tashi zuwa baki, ya tsaya a hanya. Ta dube ni, ta dubi bangon zaure, ta sake duba na. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Cewa kawai ta yi, "Wannan na mahaifiyar Kaka ne."

A ranar na san abin da ake kira kwilt. Shimfiɗa uku ce: ta sama ƙananan ƙyallaye ne da aka yanka aka harhaɗa su suka ba da zane, tsakiya auduga, ƙasa yadi guda, sannan a bi da allura a ɗinke ukun tare. Wanda na ja a ƙasa an yi shi ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, kamfanonin fulawa da na abincin kaji suka riƙa zuba kayansu a buhunan yadi masu furanni, mata na farke buhu su yi riguna, ragowar ta shiga bargo. Zanensa zobba ne masu sarƙe da juna, zanen da ake yi wa amare. Ba a wanke shi, ba a barin rana ta taɓa shi, ba a ma lulluɓa da shi. Ni kuwa na kai shi kiwo.

Ba ƙurar ce ta fi ba. Akwai wata ciyawa a can da sunanta ke nufin macuciya, ƙanwar ƙarangiya a hali, bakinta kamar kibiya, in ta shiga yadi gaba take yi ba ta baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, to ni ɗaruruwa na kwaso. Aka shimfiɗa bargon a teburin cin abinci, mu huɗu muka kewaye shi da matsefata har azahar. Kaka na ciro ɗaya sai ta ɗaga ta nuna mini, ta ce, "Ga wani ɗan hamada." Maganar bargo mai damisa na haɗiye ta, sai yau ta fito.

Washegari na ce bari in wanke laifina da furanni, tunda na lura mutanen nan suna ba fure girman da mu muke ba goro. Wanda bai ga hamadar nan a ƙarshen bazara ba ba zai yarda ba: tsakanin tokar tazargaden sai ka ga wani jan fure kamar an tsoma burushi a fenti, ga wasu shuɗɗa tsaye reras a kan kara, ga ƙanana farare manne da ƙasa. Amma duk tsiraru ne, kuma maiɗakina ta riga ta gargaɗe ni cewa ba a tsinkarsu. Can bakin shinge na tarar da wasu dogaye rawaya jar, sun yi dandazo, sun fi kowa kyau da ƙoshi. Na cika hannu biyu na kai wa Mama, har da ɗan rusunawa.

Surukina ne ya fara magana, kuma ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a zuwan nan. Ya ce, "A ina ka samo? Ka tumɓuke da saiwa, ko karya ka yi?" Ya kawo baƙar ledar shara ya zuba kyautata ya ƙulle baki. Ashe muguwar ciyawa ce da aka kawo daga gaɓar Dalmeshiya ta Turai don ado, ta tsere daga lambu ta mamaye makiyaya. Shanu ba sa cinta, gindi ɗaya kan zubar da iri har rabin miliyan, in ka karya ta a sama saiwar ta sake tofowa. Kamar baƙo ne ya shiga gonar dawarka ya tsinko furen ƙuduji ya kawo wa uwargidanka. Da yamma aka ba ni shebur.

Mai hankali da ya kama bakinsa daga nan. A rana ta uku matan maƙwabta suka taru a falo, aka kafa wani katako mai ƙafafu aka ɗame sabon kwilt a kai kamar fatar ganga, suka zauna kewaye. Sauri suke yi don bikin garin Sisters. Tun 1975, lokacin da wata mai shagon yadi, Jean Wells, ta rataye barguna kamar goma sha biyu a wajen shagonta, abin ya zama al'ada: duk Asabar ta biyu a watan Yuli sai a lulluɓe bangayen garin da barguna fiye da dubu. Ni kuma ranar na ci ado don baƙi, na saka babbar rigata ta shuɗiyar shadda, aikin Zariya, wadda mahaifina ya ba ni da zan yi aure.

Na tsaya ina kallo, sai bakin nan ya motsa. Na ce ai a ƙasarmu ɗinki aikin maza ne, na nuna musu aikin wuyan rigata, suka yi ta shafawa suna mamaki. Da na ga kasuwa ta karɓa sai na ƙara da lifidi, na ba su labarin yadda kakanninmu ke cusa auduga tsakanin yadi su ɗinke, su sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta kasa shiga. Duk gaskiya ne. Abin da na tsallake shi ne ni kaina ban taɓa ɗinka abin da ya wuce maɓalli ba. Kaka ta matsa gefe, ta buga kujerar da ke kusa da ita, ta ce, "Zauna, jikan masu lifidi."

Allurar guntuwa ce, ba ta kai gaɓar yatsa biyu ba. Hannu ɗaya a sama yana turawa, ɗaya a ƙarƙashi yana jiran tsininta. Suka miƙo mini wata 'yar hular ƙarfe da ake sa wa yatsa, na ce maza ba sa bukata. Huda ta uku na karɓa. Kaka na jera ɗinki goma a inci ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar gero, nawa kuwa kamar sawun raƙumi, wani nan wani can. Don kada yadin ya riƙa gudu sai na ɗaga gwiwa na tokare shi ta ƙasa, kuma duk bayan 'yan huda sai in ƙulle zaren tam, yadda na saba da maɓalli. Can sai hannu ya faɗa. Na yi kusan taƙi guda, har na fara tunanin ashe abin a jini yake.

Mama ta leƙo ta ce abinci ya sauka. Na miƙe, katakon ya miƙe tare da ni. Almakashi da zare da kofin shayin wata baiwar Allah suka gangara ƙasa. Na koma na zauna, katako ya zauna. Hannun babbar rigata, da na naɗe a kan gwiwa, na ɗinke shi da bargon mutane, ɗinkin da ya fi duk wanda aka yi a ɗakin ƙarfi.

Falon ya yi tsit, sai maiɗakina da ta fita da gudu, ina jin dariyarta har daga wajen rumbun ciyawa. Kaka ta sa tabarau ta leƙa ƙasa, ta daɗe. Ta ɗago ta ce ƙullin ya yi yawa, in aka ce za a farke sai yadin bayan ya yage, ga biki saura mako uku. Ɗaya dai za a yanka, bargo ko riga. Aka dube ni. Na dubi Mama, na tuna zobban mahaifiyar Kaka, na tuna shebur. Na ce, "Mama, ai riga ba komai ba ce." Ƙarya mafi girma da na yi a jihar Oregon ke nan.

Kaka ta yanka da kanta, kusurwa huɗu daidai wa daida, ta lanƙwashe bakin shaddar ta bi shi da ɗinkinta na ƙwayar gero. Ranar biki muka koma, na tarar da bargon rataye a bangon wani shago, mutane na ɗaukar hoton gabansa. Ni kaɗai na zagaya na ɗaga gefe na leƙa baya, har wata mai kula da wurin ta ce mini ba a taɓawa.

Bara da na je gida na kai rigar wurin telanmu a Daura. Ya ɗaga hannun rigar ya hango ni ta cikin ramin, ya juya shi, ya auna gefen da yatsa. Ya ce, "Alhaji, wane irin ɓera ne wannan mai ci da ma'auni?"

Na ce masa na Amurka ne, shekararsa casa'in.