Taba Ta Fita, Tumbi Ya Shigo: Ire-iren Tubabbun New Bell

A Duwala, tela ne ke fara sanin wanda ya daina shan taba, tun kafin likita, wani lokaci ma kafin uwargida. Mutum zai shigo Kasuwar Kongo da yadinsa a hammata, ya ce a ɗinka masa bisa tsohon awo. Tela ya dube shi sama da ƙasa, ya zaro tef daga wuyansa, ya zagaya da shi ƙugu. Da ya ga ƙari sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, barka da tuba."

Abin ba asiri ba ne. Nikotin da ke cikin taba yana danne yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙona abinci da ɗan sauri. Ranar da aka daina, yunwa ta dawo karɓar bashinta, harshe da hanci su farfaɗo cikin 'yan kwanaki, mutum ya fara jiyo ƙamshin tsire daga layi na uku. A 2012 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta buga wani nazari da ya tattara bincike 62. Ya nuna cewa wanda ya bar taba yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, mafi yawansu cikin wata ukun farko. Mutum 13 cikin 100 sun haura kilo 10, amma 16 cikin 100 raguwa ma suka yi.

To, wannan lissafin Turai ne. New Bell kuwa, unguwar Duwala da Jamusawa suka yanka a 1914 don kwashe 'yan ƙasa daga bakin ruwa, ta rikiɗe ta zama masaukin baƙi, kuma kowane baƙo da tukunyarsa ya zo. Bahaushe ya zo da tsire da kilishi, ya tarar da makala, wato fanke, da wake da kunu da safe, gasasshen kifi da miyondo da dare. Wanda ya ce zai bar taba a nan ya kuma tsira da ƙugunsa, ya ɗauko Dala ba gammo. Ga yadda jama'armu ke fama da kayan.

Sai-Bayan-Sallah

Wannan bai daina ba tukuna, amma ya fi kowa iya bayanin dainawa. Shekara goma yana shirin bari. Da azumi ya kama sai ya ce ba a haɗa wahala biyu. Bayan ƙaramar Sallah ya ce a bari naman layya ya wuce. Naman ya wuce, damina ta sauka, ya ce ruwan Agusta na Duwala ba ya jimruwa sai da hayaƙi. Hujjarsa ɗaya ce kullum: "Taba ce ke riƙe mini jiki. Ka ga wane da ya bari, ko igiyar takalminsa ba ya iya ɗaurewa."

Tun 2019 ake buga hotunan cututtuka masu tayar da hankali a jikin kwalin taba a Kamaru, amma shi bai taɓa ganinsu ba, domin kara-kara yake saye. Abin mamaki, a watan azumi yana yin sa'a goma sha uku bai busa ba, bai mutu ba, sai dai dabino ɗaya zai jefa a baki ya zagaya bayan masallaci. A gaya masa cewa wani bincike da mujallar JAMA ta Amurka ta buga a 2013 ya gano cewa ƙibar da ke biyo bayan barin taba ba ta goge ribar da zuciya ke samu. Siririn mashayi ya fi tubabbe mai ɗan tumbi kusa da ciwon zuciya.

Sarkin Goro

Shi ya bari da gaske, ya damƙa bakinsa a hannun goro. Fari da safe, ja da rana, da yamma ya kora da Nescafé. Yana alfahari cewa goro ba ya sa ƙiba, kuma gaskiyarsa. Abin da bai sani ba shi ne hayaƙin taba yana sa hanta ta gaggauta kawar da sinadarin kafin da ke cikin goro da kofi. Da hayaƙi ya tafi, goron da da yake ci ya kwanta, yanzu shi zai hana shi runtsawa. Ƙarfe biyun dare ido biyu, fanka na juyawa, sauro na waƙa, sai ya saka silifa ya nufi teburin mai shayi: taliya da ƙwai uku a cusa cikin burodi. Goro bai sa masa ƙiba ba, ya dai raka shi inda ake sayar da ita. Maganinsa ya raba goron biyu, daga la'asar kuma ya rufe huhun.

Shugaban Majalisar Mai Shayi

Yana da bencinsa, yana da kofinsa, mai shayi ya san hannunsa. Tun da ya tuba ya ɗauki sukari a matsayin ladan tuba. "Ɗana, ƙara madarar nan mai kauri, ai na bar taba." Madarar gwangwani ce da aka riga aka dafa da sukari, amma sai an jefa mata ƙwaya huɗu, a shafe burodi da Tartina har ta tsiyayo ta gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kusan giram 50 na sukari a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ya iya tsayawa a rabin haka ya fi. Shugaba yana cinye rabonsa kafin hantsi, na gobe kuma kafin azahar.

Idan aka yi masa magana sai ya ce, "Malam, ka raba ni da hayaƙi, yanzu kuma za ka raba ni da zaƙi? Me ya saura mini a duniya?" Abin da ya saura masa shi ne ya sani cewa wani bincike na 2018 a Amurka ya nuna haɗarin ciwon sukari yana ɗan hawa a shekarun farko ga wanda ya bar taba ya kuma tara ƙiba da yawa. Ba wanda ya ce ya bar majalisa. Ya sha shayinsa da citta da kanumfari, ƙwayar sukari ɗaya, madara ta gari.

Mai Aljihu

Matsalar wannan hannu ce. Shekara ashirin hannunsa na tafiya baki sau ɗaruruwa a yini, yanzu an kore shi daga aiki, shi kuwa bai yarda ba. Aljihun dama alawa, na hagu biskit, ƙarƙashin kantarsa a Babbar Kasuwa kwalbar soyayyar gyaɗa. Bai taɓa cin abinci da yawa ba, in ji shi, kuma da za a rantsar da shi zai rantse, domin duk abin da bai zauna a tabarma ya wanke hannu ya ci ba, ba ya cikin lissafi. Kwalbar gyaɗa kuwa kullum sabuwa ce, yana zargin yaron shago.

Sha'awar taba takan taso ta lafa cikin 'yan mintoci, ko an ba ta wani abu ko ba a ba ta ba. In dole sai baki ya yi aiki, ga asuwaki, sunna ce kuma ba ta da maiƙo. Ga gauta, ga karas, ga kokwamba, ga ruwan sanyi.

Alhaji Hutu-Ya-Zo

Wannan bai ga matsala ba sam. Tumbi ya fito, ya shafa shi ya ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, kwanciyar hankali ce." Abokan ciniki daga Garwa da Ngaundere suna ganinsa su ce harka ta buɗe, har masu neman rance sun ƙaru a ƙofar gidansa. Babbar riga ta rufa masa asiri. Daga gida zuwa masallacin Juma'a tafiyar minti biyar ce, amma sai ya tsayar da bensikin, wato babur na haya, ɗan babur ya dube shi ya dubi tayarsa ta baya ya nemi ƙarin kuɗi.

Akwai awo mai sauƙi da ba ya buƙatar asibiti. Ya sami igiya ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya da ita cikinsa wajen cibiya. Idan bakin igiya ya haɗu, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya wuce kima, kuma shi ne kitsen da ke tafe da hawan jini da ciwon sukari.

Hajiya Ci-Ka-Ƙara

Ita ba ta taɓa shan taba ba, amma ba a kammala jerin nan ba tare da ita ba. Shekaru tana wanke riguna masu warin hayaƙi, tana addu'a, ga shi Allah ya amsa. Saboda murna sai ta buɗe wuta: tuwon shinkafa da miyar taushe yau, gobe ndole da ta koya wurin maƙwabciya, jibi soyayyar ayaba da manja yana ƙyalli. "Maigida, ci ka ƙara, ai gara tuwo da hayaƙi." In ya ce ya ƙoshi sai ta ɓata rai: "Ko dai ka koma ne a ɓoye?" Don ya wanke kansa daga zargi sai ya share kwanon.

Hajiya tana da gaskiya, gara tuwon. Amma mabuɗin ƙugun maigida yana hannunta: malmala ɗaya maimakon biyu, ganye ya fi yawa a kwano, mai ya zama na ɗanɗano, kifi gasasshe a maimakon soyayye.

Gwarzon Lahadi

Ya ji an ce motsa jiki, sai ya sayi riga da takalmin ƙwallo ya shiga ƙungiyar 'yan ƙwallon safiyar Lahadi, irin waɗanda suka cika filayen Duwala. Minti goma yana gudu, tari ya sarƙe shi, ya nemi a mai da shi gola. Da an tashi sai a zarce zaman bayan wasa, wanda shi ne ainihin wasan: tsire na jaka biyu, lemon Top mai sanyi kwalba biyu. Ya ƙona na kofin kunu, ya zuba na walima. Sauran kwana shida kuwa yana jinyar gwiwa. Abin da masana lafiya suka nema minti 150 ne na tafiya mai ɗan sauri a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Wanda ya taka daga New Bell zuwa Akwa da sanyin asuba ya dawo, ya fi shi cin riba, kuma bai sayi takalmi ba.

Mai Yaƙi Biyu

Rana ɗaya ya bar taba, ya bar tuwo, ya bar nama, ya bar shayi. Duk yaron da ya gani da sikeli a bakin titi sai ya hau, ya sauka yana cewa sikelin ya lalace. A motar Yawunde ya sayi garin maganin rage tumbi wurin mai talla, wanda a cewarsa yana maganin basir da ciwon baya da mantuwa. Ya yi kwana biyu yana zarya bayan gida, ya ga kilo ya sauka, ya ce magani ya ci, alhali ruwan jikinsa ne ya tsiyaye. Kafin mako ya zagayo yunwa da ƙishirwar taba sun haɗu sun kayar da shi, aka gan shi da kara a hannu ɗaya, makala a ɗaya. Ba a gudu ana susar takashi. A fara kashe taba, a tsare ci daidai gwargwado, rage ƙiba ya biyo baya. Wanda abin ya yi wa tsanani ya tambayi likita game da cingam ko filastar nikotin, suna rage ƙishirwar, kuma sukan jinkirta hawan kilo.

Mai Sauya Sheƙa

"Ni na bar sigari," in ji shi, yana jan shisha mai ƙamshin tuffa. Ƙanensa a wannan hanya shi ne mai tabar gari, wanda ke ɗura ta a hanci ko ya danna ta a leɓe yana cewa ai babu hayaƙi. Binciken ƙasa na 2013 ya ƙiyasta cewa manya kusan miliyan 1.1 ne ke amfani da taba a Kamaru, kuma da masu shaƙa da masu tsotsa aka ƙidaya. Mai sauya sheƙa bai yi ƙiba ba, gaskiya ne, domin bai bar komai ba. Ya fita daga ɗaki ne ya koma zaure.

Wanda Ba A Jin Labarinsa

Na ƙarshe ba shi da abin ban dariya, shi ya sa majalisa ba ta hirarsa. Ya sa rana ya bari, ya gaya wa iyalinsa da abokan zamansa don kada a miƙa masa. Yana cin abincinsa sau uku a kan lokaci, yana tafiya masallaci da kasuwa da ƙafa, asuwaki a aljihu, gorar ruwa a shago. Kuɗin taba yana tara su a gwangwani. Ya ƙara kilo biyu ko uku, bai ɗaga hankalinsa ba, bayan shekara ya sauke su a hankali. Tarin asuba ya tafi, yana hawa bene ba ya tsayawa a tsakiya.

Mai karatu, in ka ga kanka a ɗaya daga cikin waɗannan, ka yi dariya, sannan ka gyara. In kuwa maƙwabcinka ka gani, kada ka tsokane shi da tumbinsa har ka mai da shi ga kara. Taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara. Kilo biyar ana sauke shi da tafiya da rage sukari, huhun da ya lalace kuwa ba a sayar da sabonsa a kowace kasuwa. Ka bar tabar yau, ka sa ido a kan kwanonka.